Darasin Bakolori Ga Zamanin Da Na'ura Ke Karɓe Aiki

Bismillahir Rahmanir Rahim. Godiya ta tabbata ga Allah Ubangijin talikai. Tsira da aminci su tabbata ga Annabi Muhammadu da alayensa da sahabbansa baki ɗaya.

Gabatarwa

Bayan haka, ya ɗan'uwa mai karatu, da wuya a sami maganar da ta fi yawo tsakanin matasa masu hulɗa da intanet a 'yan shekarun nan kamar maganar na'ura da makomar aiki. Tun da kamfanin OpenAI ya fito da ChatGPT a watan Nuwamba na 2022, akawu da mai fassara da malamin makaranta kowa ke tambayar kansa ko sana'arsa za ta kai labari. A watan Janairu na 2024 Asusun Ba da Lamuni na Duniya ya ƙiyasta cewa ƙirƙirarriyar basira za ta shafi kusan kashi 40 cikin 100 na ayyukan duniya: kashi 60 a ƙasashe masu arziki, kashi 26 a ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi. Masu hasashe kuwa sun rabu biyu. Wasu na cewa ɗan Adam zai huta, na'ura ta yi wahalar. Wasu na cewa za a wayi gari miliyoyin mutane ba su da abin yi.

Mu a nan sau da yawa mukan ɗauki maganar tamkar ta mutanen Amurka ce da Sin. Alhali kuwa a ƙasar Zamfara, tsakanin Maradun da Talata Mafara da Bakura, an taɓa kawo manyan na'urori domin su maye gurbin hannun manomi da fartanyarsa, an kuwa ga yadda ta kaya. Tarihin madatsar ruwa ta Bakolori yana koya mana abu ɗaya muhimmi: alheri ko sharrin na'ura ana yanke shi ne tun kafin ta iso, a wurin da ake shawarar wanda zai mallake ta, da wanda zai ɗauki asarar zuwanta, da wanda zai gyara ta in ta lalace.

Gulbi kafin madatsa

Gulbin Sakkwato yana tasowa ne daga wajen Funtuwa, ya ratsa Gusau, ya gangaro ta ƙasar Maradun da Mafara da Bakura kafin ya haɗu da gulbin Rima kusa da birnin Sakkwato. Kafin a tare shi, kowace damina yakan tumbatsa ya malale fadamu, ya bar musu danshi da taki. Manomi yana da gonar tudu ta gero da dawa da wake, yana da fadama ta shinkafa. Idan ruwa ya janye sai a shiga noman rani: albasa, barkono, dankali, rogo, taba. Mai lambu yana ɗaga ruwa da jigo ko da ƙwarya. Masunta suna kamun kifi a tafkunan da ambaliya ta bari, makiyaya suna kawo shanu kiwo da rani.

Kada mai karatu ya zaci rayuwa ce ta hutu. Aiki ne mai cin jiki, kuma shekarar da ruwa ya gaza akan sha wuya, kamar yadda aka gani a farin 1972 zuwa 1974. Sai dai tsarin yana da wata siffa guda: ilminsa yana hannun masu yin sa. Manomi ya san lokacin da gulbi ke kawowa, ya san irin shinkafar da ke jure zurfin ruwa, ya san iyakar gonarsa da itatuwan da kakansa ya bari a cikinta. Kayan aikinsa kuwa maƙerin garinsu ne ya ƙera.

Yadda aka ƙulla aikin

A 1969 Hukumar Abinci da Aikin Gona ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta kammala wani bincike kan kwarin Sakkwato da Rima. Shawararta ita ce a bi a hankali, a fara da matsakaitan ayyuka waɗanda manoma za su iya sabawa da su. Amma sai fari ya zo, kuɗin man fetur kuma suka kwararo bayan tashin farashinsa a 1973. Gwamnatin soja ta lokacin tana da kuɗi, tana kuma gaggawa. Aka kafa Hukumar Raya Kogunan Sakkwato da Rima a 1973, aka zaɓi babban aiki guda maimakon ƙanana. Kamfanonin Italiya ne suka tsara shi, su ne kuma suka gina shi, a ƙarƙashin Impresit Bakolori, wanda haɗin gwiwa ne tsakanin gwamnatin Najeriya da reshen gine-gine na kamfanin Fiat.

An fara ginin a 1974, aka gama madatsar a 1978. Tsawonta ya kai kilomita 5.5, tafkinta na iya riƙe ruwa kubik mita miliyan 450, ya kuma mamaye ƙasa kimanin hekta 8,000. An tsara za a shayar da hekta 23,000. Daga ciki, kimanin hekta 15,000 na'urorin feshin ruwa ne za su shayar da su ta bututu da famfunan lantarki, sauran kuwa ruwa zai gangara musu ta magudanai. Taraktocin hukuma ne za su yi huɗa, hukuma ce za ta faɗi abin da za a shuka da lokacin da za a shuka shi, alkama kuwa tana kan gaba domin a rage shigo da ita daga waje.

A takarda, tsari ne mai ban sha'awa: noma sau biyu a shekara, wahala kaɗan, amfani mai yawa. Amma duk shawarar an yi ta ne a Legas da ofisoshin kamfanoni. Hausawa na cewa mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Mai ɗakin nan ba a tambaye shi ba.

Shekarun jira

Asarar farko ta faɗa kan mutanen da tafkin ya cinye garuruwansu da gonakinsu a ƙasar Maradun, waɗanda yawansu ya haura 12,000. An mai da su sababbin matsugunai a kan tudu, inda ƙasar ba ta kama ƙafar fadamar da suka bari ba.

Ta biyu ta faɗa kan manoman filin da za a shayar. Domin na'ura ta yi aiki dole ƙasa ta zama shimfiɗaɗɗiya, saboda haka katafiloli suka shiga gonaki suna baje su. Aka tumɓuke itatuwa masu amfani, aka shafe iyakokin da aka gada, a wurare da dama aka kwashe ƙasar sama mai albarka. Yayin da ake wannan aiki an hana manoma shuka, wasu damina biyu, wasu fiye. Diyya ta yi jinkiri, wadda ta zo kuma ba ta kai ba. Da aka zo mai da gonaki ga masu su, sai rabon ya rikice, tun da alamomin da ake gane gonar kowa da su sun tafi. Talakan da yunwa ta matsa wa sai ya sayar ko ya jinginar da rabonsa ga mai hali.

Ta uku ta faɗa kan mutanen da ke gangaren gulbi, waɗanda ba su ma cikin lissafin aikin. Tun da aka tare ruwa, ambaliyar da ke ciyar da fadamunsu ta ragu. Wani masanin ƙasa ɗan Ingila, William Adams, ya bi ƙauyukan ya nuna yadda noman shinkafa da na rani da kamun kifi suka ja baya, manoma suka koma gero da dawa a ƙasar da a da take ba su abin da ya fi daraja.

Ka lura da wannan, ya ɗan'uwa. An yi wa mutane alkawarin arzikin da zai zo bayan shekaru, amma ciki ba ya jiran alkawari. Tsakanin ranar da aka karɓe wa mutum tsohon aikinsa da ranar da sabon zai fara ciyar da shi akwai wani rami, kuma a cikin wannan ramin ne iyalai ke halaka.

Afrilun 1980

Manoma sun kai kuka ga hakimai da jami'an hukuma, wasu sun je kotu. Da abin ya ƙi ci ya ƙi cinyewa, sai daga ƙarshen 1979 suka fara tare hanyoyin shiga wurin aikin, suka tsai da motocin kamfani, suna neman a biya su haƙƙinsu. A lokacin mulki ya dawo hannun farar hula ƙarƙashin Shugaba Shehu Shagari, yankin kuma yana cikin tsohuwar Jihar Sakkwato, domin sai a 1996 aka ƙirƙiro Jihar Zamfara.

A ƙarshen watan Afrilu na 1980 aka tura 'yan sandan kwantar da tarzoma. An buɗe wuta, an ƙona gidaje, ƙauyen Birnin Tudu yana cikin waɗanda abin ya fi shafa. Gwamnati ta ce mutum ashirin da 'yan kai ne suka mutu. Lissafin da Dokta Yusufu Bala Usman ya buga a 1982 ya kai mutum 386. Allah Ya jiƙan waɗanda suka rasu, Ya gafarta musu.

Masanin nan Björn Beckman, wanda ya koyar a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya, ya yi nazarin rikicin, ya kuma nuna cewa mutanen Bakolori suna da buƙatu bayyanannu: diyyar abin da aka ɓata musu, da dawo musu da gonakinsu, da 'yancin shuka abin da suka ga zai ciyar da su. Wanda ya ce jahilci ne ko ƙin ci gaba ya tayar da su, bai yi musu adalci ba.

Makomar na'urorin

To, bayan duk wannan, yaya na'urorin suka ƙare? Na'urar feshi tana son wutar lantarki da ba ta yankewa, da kayan gyara daga Turai, da ƙwararrun da suka san cikinta. Da farashin mai ya faɗi a shekarun 1980, darajar naira ta karye bayan 1986, sai sayen kayan gyara ya gagara. Famfuna suka tsaya ɗaya bayan ɗaya. Zuwa 2003 tsarin feshin ya daina aiki, abin da ake shayarwa bai wuce hekta 7,500 ba, wato ɓangaren da ruwa ke gangarawa da kansa, mafi yawansa kuma shinkafa ce, abin da manoman suka sani tun asali. Zanen aro dai ba ya rufe katara.

Adalci ne a faɗi cewa madatsar ba ta tashi a banza ba. Dubban iyalai a Mafara da Bakura da Maradun sun ci abinci daga shinkafar magudananta. A 2014 Bankin Duniya ya amince da bashin kusan dala miliyan 495 domin shirin TRIMING na gyara manyan ayyukan ban-ruwa a Arewa, Bakolori na ciki, kuma ɗaya daga ginshiƙan shirin shi ne ƙungiyoyin manoma masu amfani da ruwa su sami hannu a tafiyar da shi. Wato bayan shekara arba'in aka dawo kan tambayar da ya kamata a fara da ita.

A cikin waɗannan shekarun kuma wata na'ura ta shigo fadamun Arewa ba tare da hayaniya ba, ita ce ƙaramin injin ban-ruwa mai shan fetur, wanda ake haɗawa da rijiyar burtsatse marar zurfi. Shirye-shiryen raya noma na jihohi a shekarun 1980, da shirin Fadama na ƙasa da ya fara a 1993, sun yaɗa shi. Shi ma ya kashe wani aiki, domin ya kori jigo daga lambuna. Amma ba a ji an tare hanya saboda shi ba. Dalili kuwa a fili yake: manomi ne ya saye shi da kuɗinsa, ya ɗora shi a kan babur ya kai gonarsa, shi ke tayar da shi lokacin da ya so, in ya lalace bakaniken kasuwa ya gyara. Mutumin da a da yake shayar da 'yan komai kaɗan ya koma shayar da fili mai faɗi, har ya ɗauki 'yan ƙwadago. Da aka cire tallafin mai a 2023 tsadar fetur ta matsa wa masu shi, wasu suka fara komawa famfo mai aiki da hasken rana.

Ga na'urori biyu a kwari guda, aikinsu ɗaya, wato kai ruwa gona. Ɗaya ta mai da manomi ɗan kallo a gonarsa, ɗaya ta ƙara wa hannunsa tsawo.

Abin da ya faru a Ingila

Irin wannan ya faru a inda juyin masana'antu ya fara. Daga 1811 zuwa 1816 masaƙa a tsakiya da arewacin Ingila suka riƙa farfasa injinan da ake amfani da su wajen karya musu lada, har majalisa ta yi doka a 1812 mai hukunta fasa inji da kisa. A 1830 'yan ƙwadagon gona a kudancin ƙasar suka tashi a kan injin sussuka, saboda sussukar hannu ita ce aikin da ke ciyar da su a lokacin hunturu. An rataye mutum 19, an kori kusan 500 zuwa Ostareliya. Gaskiya ne jikokinsu sun zo sun fi su jin daɗi. Amma masana tarihin tattalin arziki sun nuna cewa an shafe shekaru da dama arzikin ƙasa yana hauhawa, ladan ma'aikaci yana tsaye. Abin da ya gyara lamarin daga baya shi ne dokokin aiki da ƙungiyoyin ƙwadago da ilmi ga kowa, waɗanda aka samu da gwagwarmaya.

A 1930 masanin tattalin arziki John Maynard Keynes ya yi hasashen cewa cikin shekara ɗari mutane za su wadatu da aikin sa'a 15 a mako. Arzikin da ya hango ya samu a ƙasashe da yawa, hutun ne bai zo ba, domin yawan abin da aka samar daban, yadda aka raba shi daban.

Hanyoyi uku

Idan muka ɗora wannan tarihi a kan zamaninmu, za mu hango hanyoyi uku.

Ta farko ita ce hanyar katafila. 'Yan tsiraru su mallaki na'ura da bayanan da take ci, a ce wa saura su yi haƙuri arziki na tafe. A nan ayyukan ofis da matasanmu ke karatu dominsu, kamar lissafin kuɗi da buga takardu da amsa kiran abokan ciniki, su ne za su fara raguwa, ba tare da an tanadi komai ga waɗanda abin ya shafa ba.

Ta biyu ita ce hanyar famfon feshi. Mu rungumi fasahar da ba mu san cikinta ba, mu watsar da ƙwarewar da muke da ita, mu riƙa biyan haya da dala. Ranar da naira ta faɗi, ko mai fasahar ya canza sharaɗinsa, mu tashi ba tsuntsu ba tarko.

Ta uku ita ce hanyar ƙaramin inji. Fasaha ta zo da araha, cikin harshen da mai aiki ke ji, a hannunsa, da masu gyara a kusa da shi. Malamin asibitin ƙauye ya sami abin da zai taimaka masa gane cuta, manomi ya san farashin kasuwa da hasashen ruwa, tela da kafinta su sami masu saye daga nesa.

Babu ɗaya daga cikin ukun nan da za ta zo da kanta. Mutane ne ke zaɓa, ko su yi shiru a zaɓa musu.

Ma'aunin magabata

Tambayar wa zai ci amfanin sabon arziki ba baƙuwa ba ce a tarihin Musulunci. Lokacin da aka ci ƙasar Iraƙi a zamanin Sayyidina Umar ɗan Haɗɗabi, Allah Ya ƙara masa yarda, wasu sahabbai sun nemi a raba gonakin Sawad ga mayaƙa. Umar ya ƙi. Ya bar ƙasar a hannun masu noma ta, ya ɗora mata haraji da zai shiga baitulmali, yana kafa hujja da ayoyin Suratul Hashri da suka ambaci haƙƙin waɗanda za su zo daga baya. Alƙali Abu Yusuf ya kawo labarin a Kitabul Kharaj. Hikimar a nan ita ce kada tushen abincin al'umma ya taru a hannun 'yan kaɗan, kuma kada a raba mai aiki da abin aikinsa.

A ƙasarmu kuma, Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, wanda ya yi mulki daga 1817 zuwa 1837, ya rubuta Usulus Siyasa ga Sarkin Katsina Ummarun Dallaje. Cikin abin da ya ɗora wa shugaba har da kula da masu sana'a, manoma da maƙera da maɗinka da marina da sauransu, da tabbatar da cewa kowane gari yana da su. A wurinsa, samun sana'a ga talakawa yana cikin amanar mulki. Da an auna aikin Bakolori da wannan ma'auni a 1974, da an tanadi abincin manomi na shekarun jira kafin katafila ta farko ta shiga gona.

Kammalawa

Ya ɗan'uwa matashi, tun ran gini ran zane. Duk lokacin da aka kawo wata sabuwar fasaha wurin aikinka ko garinku, akwai tambayoyi huɗu da Bakolori ta bar mana gado. Wa ya mallake ta? An shawarci waɗanda za ta shafa? Wa zai ciyar da wanda ta raba da aikinsa kafin ya sami wani? Wa zai gyara ta a nan gida? Wanda ya zama shugaba ko mai kamfani a cikinku, amsa su wajibi ne a kansa. Wanda yake ma'aikaci, yin su haƙƙinsa ne.

A kan kanka kuma, kada ka tsaya a matsayin mai latsawa kawai. Koyi yadda abin ke aiki, ko haɗa manhaja ne, ko gyaran famfon hasken rana, ko sarrafa bayanai, ka kuma riƙe wata sana'a da hannunka ya iya. Arziki na Allah ne, babu na'urar da za ta tare wa bawa abin da aka rubuta masa. Amma Wanda Ya rubuta arzikin Shi ne Ya yi umarni da neman sa, Ya kuma haramta zalunci a wajen rabonsa.

Allah Ya ba mu sana'a mai albarka, Ya ba shugabanninmu ikon yin adalci, Ya dawo da zaman lafiya a ƙasar Zamfara da Najeriya baki ɗaya. Wassalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu.